Shanyewar Ɓarin Jiki a Zariya: A Kira Motar Asibiti Ko A Tashi Maƙwabci? Tambayoyi da Amsoshi

Aikin jinya nake yi, kuma a cikin birnin Zariya na tashi, don haka duk wanda nasa ya faɗi a unguwarmu ni ake fara bugo wa waya, ko da ƙarfe ukun dare ne. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa kunnena. Wasu a zaure aka yi mini su bayan isha'i, wasu a bakin ɗakin imajansi lokacin da ido ya raina fata, wasu kuma ni na yi wa kaina su a shekarar da kawuna ya faɗi. Na amsa su yadda nake amsawa da baki. Idan kana karanta wannan ne alhali wani na kwance a gabanka baki a karkace, bar karatun, ka nemi mota.

Wai mene ne ke faruwa a jikin mutum idan ɓarinsa ya shanye?

Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, hannu da ƙafa rahoto kawai suke kawowa. Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, kuma ba ta da rumbun ajiya. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya, yankin da jijiyar ke shayarwa sai ya fara mutuwa cikin 'yan mintoci. Idan kuma fashewa jijiyar ta yi, jini ya kwarara ya danne abin da ke kewaye da shi. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a yawancin mutane can magana take, shi ya sa wanda damansa ya shanye sau da yawa bakinsa ma yake tafiya.

A ƙasashen Turawa toshewa ce ta yi rinjaye, wajen 85 cikin 100. A wajenmu lissafin ya bambanta. Babban binciken nan mai suna SIREN, da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da asibitin koyarwa na nan Zariya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce, kuma hawan jini shi ne uban tafiyar. Masana sun ƙiyasta cewa a babbar toshewa ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti ɗaya da aka zauna ba a yi komai ba.

Yaya zan gane shi ne?

Abu uku za ka duba: fuska, hannu, magana. Ka ce ya yi murmushi ko ya nuna haƙora, ka ga ko gefe ɗaya ya zube. Ka ce ya ɗaga hannuwansa biyu ya riƙe, ka ga ko ɗaya na sulalewa ƙasa. Ka ce ya faɗi sunan unguwarsu ko ya karanta Fatiha, ka ji ko harshen ya yi nauyi, ko kalmomin sun cakuɗe, ko ya tsaya yana kallonka kamar da wani yare kake magana. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa, muddin farat ɗaya ya zo.

Akwai wasu alamun da ake yawan rainawa: ido ɗaya ya daina gani, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, jiri mai tsanani har mutum ya kasa tsayuwa, tangaɗi kamar wanda ya sha wani abu, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba a rayuwarsa, da amai.

A ina ne lokaci ya fi salwanta, a gida ko a hanya?

A gida, nesa ba kusa ba. Bari in ba da labarin kawuna, tun da shi na gani da idona.

Lokacin hunturu ne, gab da kiran assalatu. Ya ɗauki buta ya shiga bayi, sai Inna ta ji ƙarar butar a kan siminti. Aka ɗauko shi, bakin ya koma gefe, hannun dama yana reto, yana son magana sai gurnani. Da yake a bayi ya faɗi, nan take aka yanke hukunci: masu wurin ne suka mare shi. Aka kunna garwashi aka yi hayaƙi, aka aika aka karɓo tofi. Da hantsi mai kemis ɗin bakin layi ya zo ya auna jini, ya ce ya hau ƙwarai, ya ba da ƙwaya ya ɗaura ƙarin ruwa a jikin ƙusar labule. Goggo ta ce tun jiya bai ci komai ba, aka dama kunu aka riƙa ɗura masa da cokali yana shaƙewa ana bubbuga bayansa. Sannan aka zauna jiran Yaya babba ya iso daga Kaduna, don shi ke da ta cewa kuma shi ke da kuɗi. Ni aikin dare na yi, ina barci, ba wanda ya tashe ni sai azahar.

Mun shiga asibiti bayan la'asar. Kusan awa goma sha ɗaya ke nan, alhali tafiyar kanta ba ta kai awa guda ba. Kwana uku bayan nan zazzaɓi ya rufe shi, kunun nan ya sauka a huhu. Allah ya yi da sauran kwana, yana nan da ransa, yana jan ƙafa zuwa masallaci da sanda, amma hannun bai dawo ba. Babu wanda ya yi abin da ya yi don mugunta a cikin mutanen nan, kowa ƙauna ce ta sa shi. Shi ya sa har yau abin ke ci mini rai.

Akwai ma motar da za a kira a Zariya kuwa?

Akwai motoci, abin da ya yi ƙaranci shi ne tsarin da zai haɗa ka da su cikin minti biyar. Lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya ita ce 112, kyauta ce, ko babu kati a wayarka za ta shiga. Hukumar kiyaye haɗurra tana da 122, amma aikinta ya fi karkata ga haɗarin kan titi. Gwamnatin tarayya ta fara wani shiri mai suna NEMSAS a Abuja a 2022, wanda tsarinsa shi ne mota ta ɗauko mara lafiya a kuma kula da shi awa 48 na farko ba tare da an nemi kuɗi a hannunsa ba, ana kuma faɗaɗa shi jiha-jiha. Yana da kyau ka taka zuwa asibitin da ya fi kusa da kai tun kana lafiya, ka tambaya ko suna cikin shirin, da lambar da ake kira.

Ban da wannan, manyan asibitoci da wasu masu zaman kansu suna da motocinsu, sai dai an fi amfani da su wajen kai mara lafiya daga wannan asibiti zuwa wancan. Ƙungiyoyin 'yan agaji na addini ma wasunsu suna da mota, kuma sau da yawa su suka fi sanin lunguna. Akwai kuma irin waɗanda 'yan siyasa ke rabawa da hotonsu a jiki. Wata tana aiki, wata tun ranar da aka yanke ƙyalle take fake a gindin bishiya, ba mai, ba batir.

To me ya sa mutanenmu ba sa kiranta?

Dalili na farko ba a cika faɗarsa a fili ba: a idon mutane da yawa motar asibiti motar gawa ce. An fi ganinta tana dawo da mamaci gida fiye da tana ɗaukar mai rai, don haka tsayawarta a ƙofar gida kamar mugun fata ne. Na taɓa ganin dattijuwar da ta rantse ba za a saka mijinta a ciki ba, wai ba za a yi masa makara da ransa ba.

Sai kunya. Jiniya ta shigo layi, yara sun biyo ta, mata na leƙe ta katanga, kafin magariba labari ya kai Tudun Wada cewa Alhaji ya faɗi. Mu kuwa mutane ne masu son rufin asiri. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma ciwon da aka ɓoye yau gobe shi zai fito da kansa a kan keken guragu.

Sai tsoron kuɗi, da rashin yarda cewa za ta zo, da kuma cewa yawancin gidajen cikin birni ba su da lamba. Wasu kuma sam ba su san akwai lambar kira ba. Kada a ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka, inda motar ke zuwa cikin mintoci, wani babban bincike da ya fito a 2013 ya nuna fiye da ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo da motar gida suke zuwa asibiti. Binciken ya kuma nuna waɗanda suka zo da motar asibiti sun fi saurin isa, sun fi saurin samun hoton ƙwaƙwalwa da magani.

In kira in jira, ko in ɗauke shi da abin da na samu?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace, kuma ga ra'ayina: a yi duka biyun a lokaci guda. Mutum ɗaya ya kira, wani ya ruga ya buga ƙofar mai mota. Wanda ke kan waya ya yi tambaya ƙarara: daga ina motar za ta taso, minti nawa za ta yi? Idan aka ba shi amsa tsayayya kuma lokacin gajere ne, a jira. Idan aka ce "za mu duba", ko "direba ya je shan mai", ko wayar ta ƙi shiga sau biyu, kuma ga motar maƙwabci a kunne, a tafi. Kada a zauna jiran gawon shanu.

A Ingila za a ce maka kada ka kuskura ka tuƙa shi da kanka, kuma sun yi gaskiya a ƙasarsu, don motarsu za ta riga ka. Mu sai mu auna da abin da ke gabanmu.

Inda nake ƙara nauyi a kan motar asibiti shi ne idan mutum ya fita hayyacinsa, ko numfashinsa na sarƙewa, ko yana amai, ko yana jijjiga. Irin wannan zaunar da shi a kujerar baya haɗari ne. Ko a nan ɗin ma, idan babu ita, sai a kwantar da shi yadda zan bayyana a ƙasa a tafi.

Me motar asibiti ta fi motar gida da shi, in ba jiniya ba?

Idan ta cika sunanta: gadon da mutum zai kwanta a miƙe, iskar oksijin, na'urar zuƙe majina da amai daga maƙogwaro, abin awon suga da na jini, da ma'aikacin da ya san abin da yake kallo. Awon sugan nan ba ƙaramin abu ba ne, domin faɗuwar suga takan yi kama da shanyewar ɓarin jiki sak, kuma allura ɗaya ke tayar da mutum. Sannan ma'aikacin zai iya kiran asibiti tun a hanya ya ce ga mu nan da mai kaza, a shirya. Jiniyar ma tana da ranarta, wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson motocin Kwangila da yamma ya sani.

Amma fa wata motar fenti ne kawai da fitila, ciki babu komai sai benci. Idan ka kira, tambayi ko da ma'aikacin lafiya za a zo ko direba ne shi kaɗai.

Me zan faɗa idan an ɗauki wayar?

Kada ka fara da dogon bayani. Ka ce: "Mahaifina ne, shekara kaza, bakinsa ya karkace, hannun dama ya mutu, ba ya iya magana, ƙarfe shida da rabi abin ya fara." Sannan kwatance da abin da kowa ya sani: ƙofar gari mafi kusa, masallacin Juma'a, makarantar firamare, gidan mai. Ka tura yaro mai wayo ya tsaya a bakin titi, da tocila idan dare ne. Ka bar layinka a buɗe, kada a shiga kiran dangi ana sanar da su har direba ya yi ta nema bai samu ba.

Lokacin nan da na ambata shi ne abu mafi tsada da za ka kai wa likita. Idan da ciwon ya farka daga barci, to lokacin da za a ƙirga shi ne na ƙarshe da aka gan shi lafiya, wato daren jiya, ko sanda ya tashi tahajjud idan wani ya gan shi.

Kafin mota ta zo, me za mu yi masa?

Kaɗan ne abin yi, na bari ya fi yawa. A kwantar da shi a kan gefensa, a ɗan tada kai da kafaɗa da matashi, a sassauta wuyan riga, a cire hula ko rawani, a cire haƙoran roba idan yana da su. A rage taro a ɗakin. A tattara duk magungunan da yake sha a leda, da katin asibitinsa.

Kada a ba shi komai ta baki. Ba ruwa, ba kunu, ba rubutu, ba zuma, ba man zaitun, ba ƙwaya. Ciwon yakan taɓa haɗiya ba tare da an lura ba, abin da aka ɗura sai ya bi hanyar iska. Ciwon huhun da ke biyo baya yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko.

Kada a ba da asfirin. Gaskiya ne likitoci na ba da shi, amma sai bayan hoto ya nuna toshewa ce. Idan fashewa ce, asfirin ƙara zubar jinin zai yi, kuma babu mai iya bambance su da ido, ko farfesa ne.

Kada a nemi faɗo da hawan jinin da ƙarfi. Wannan yakan ba mutane mamaki. Idan jijiya ta toshe, jiki da kansa yake ɗaga jinin don ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa inda ke mutuwa. A irin wannan hali likitoci sukan ƙyale awon ko ya kusa 220 bisa 120 a ranar farko, suna lura. Ƙwayar hawan jinin da ake fasawa a ƙarƙashin harshe tana iya mayar da ƙaramar ɓarna babba. Haka nan a bar ƙaho, da tsaga, da huda yatsu da allura irin wanda ake yaɗawa a WhatsApp. Babu abin da suke yi sai cin lokaci.

Gidanmu a lungu yake, mota ba ta shiga. Kuma Keke kawai muke da shi.

Wannan ita ce rayuwar rabin cikin birni, daga Kwarbai har Limancin Kona. A shimfiɗa bargo mai kauri ko darduma biyu, a mirgina shi a kai, mutum huɗu su kama kusurwa, na biyar ya tallafi kai. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar ba ta da mai riƙe ta yanzu, tana iya gocewa ta bar masa ciwon da zai daɗe. Kada kuma a ce ya daure ya taka.

A mota, kujerar baya tasa ce shi kaɗai da mutum ɗaya a wajen kansa, yana kwance a gefe, fuska na kallon gaba, da tsumma a hannu saboda amai. Sauran dangi su biyo baya. Motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya da katifa ta fi ƙaramar mota da aka cusa mutum shida. Keke na iya fitar da ku zuwa babban titi ko asibiti na kusa idan yana cikin hayyacinsa, a rungume shi ta ɓarin da ya mutu. Babur kam a'a, sai in babu wata hanya a duniya.

Wane asibiti za mu nufa?

Wanda zai iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da na'urar CT, yana kuma da likitocin ƙwaƙwalwa. A yankinmu wannan na nufin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, sashen imajansi kai tsaye, ba layin ganin likita na yau da kullum ba. Na san tafiya ce: daga Ƙofar Doka a bi Tudun Wada, a wuce PZ, Kwangila, Samaru, sannan Shika. Amma abin da na sha gani shi ne a fara da kemis, a koma ƙaramin asibiti a kwana ana ƙarin ruwa, washegari a rubuto takarda a ce a tafi Shika. An biya kuɗi sau uku, an kuma isa a makare.

Inda zan ce a tsaya a mafi kusa, kamar Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ga na cikin birni, ko na Wusasa ga na wancan ɓangaren, shi ne idan numfashi ya lalace, ko yana jijjiga, ko mai ciwon suga ne da ake zargin sugansa ya faɗi. A daidaita shi, a karɓi takardar turawa, kuma a nan ne ya dace a nemi motar asibitin ta ƙarasa da shi. Mutanen Giwa da Samaru da Basawa su Shika ce ma kusa da su. Na Soba da Maƙarfi da Kudan kuwa, tun da tafiyarsu ta fi tsawo, su ne suka fi kowa buƙatar kada su ɓata ko minti goma a gida.

An ce akwai allurar da ke narkar da gudan jinin. Idan ba lalle a same ta ba, saurin na mene ne?

Akwai ta. Ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga fara ciwon, bayan hoto ya tabbatar babu zubar jini. Akwai kuma aikin zaro gudan ta cikin jijiya, wanda aka fi yi cikin awa shida, wasu zaɓaɓɓu har awa 24. Duka biyun suna da tsada, kuma wuraren da ake yin su a Najeriya kaɗan ne.

Sai dai wanda ya ce saboda haka babu amfanin sauri bai zauna a ɗakin marasa lafiya ba. Da wuri ake gane fashewa ce ko toshewa. Idan fashewa ce, a sauko da jini a hankali ta hanyar da ta dace, a ga ko akwai buƙatar tiyata. Idan toshewa ce a fara asfirin a kan lokaci. A gyara suga, a sauke zazzaɓi, a gwada haɗiya, a saka robar abinci ta hanci idan ta kama, a riƙa juya shi don kada baya ya yi gyambo, a fara gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, da wuri. Waɗannan ƙananan abubuwa su ke raba wanda zai koma kasuwa da wanda zai ƙare a kan tabarma. Kuma ko ranar da allurar ta wadata a ko'ina, wanda ya zo bayan awa goma sha ɗaya ba zai same ta ba.

Mu mun yi imani da addu'a. Laifi ne a fara da tofi?

Ni ma na yi imani da ita, kuma ban taɓa hana kowa ba. A yi ta a cikin mota. Wanda ke riƙe da kansa ya yi ta karanta masa duk abin da ya sawwaƙa tun daga zaure har Shika, a shafa masa a jiki, ban da ɗurawa a baki. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Maganar bayi kuwa tana da bayani. Jinin mutum yakan hau da sassafe, sanyi na ƙara ɗaga shi, yunƙuri ma haka. Dattijo mai hawan jini da ya fito daga bargo cikin hunturu ya tsuguna ya haɗa duka ukun.

Bakin ya karkace na minti goma, ya dawo daidai. Yanzu yana ta hira. Sai mun je?

Yau ɗin nan. Toshewa ce ta wucin gadi, gudan ya tsaya ya wuce, kuma haɗarin babbar ta biyo baya ya fi yawa a kwana biyun farko. Wannan ba ya buƙatar jiniya, amma kada ya tuƙa kansa.

Maigida ba ya gari, kuma matarsa ce ko mahaifiyarsa ta faɗi. A jira izini?

A kira shi a waya ana tafiya. Idan ba a same shi ba, a tafi. Ban taɓa jin malamin da ya ce a bar rai ya salwanta saboda jiran izini ba. Ga magidanta kuma, musamman masu fatauci da direbobi da ma'aikatan da ke kwana Kaduna ko Abuja: ku faɗa da bakinku tun yanzu, a gaban iyali da maƙwabci, cewa in ciwo ya zo a wuce asibiti ba sai an neme ku ba. Ku bar wani abu a hannun uwargida don wannan. Mata da yawa sun san abin da ya kamata, tsoron faɗa ne ke zaunar da su.

Ba ciwon tsofaffi ba ne? Yarinya ce 'yar shekara tara.

Idan tana da sikila, a ɗauka shi ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Yara masu sikila suna cikin waɗanda ya fi kamawa, kuma maganinsu na gaggawa ƙarin jini ne ko musanya shi, don haka asibitin da ke da bankin jini za a nufa. Mai ciki da mai jego ma yana samunsu, musamman wadda jininta ya hau, ƙafa ta kumbura, kai na sarawa. 'Yan shekara arba'in kuwa mun gaji da gani. Yawancinsu an taɓa gaya musu jininsu ya wuce 140 bisa 90, suka sha magani wata ɗaya, suka ji garau, suka ajiye.

Me unguwa za ta iya yi tun kafin abin ya faru?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A wani layi da na sani, kwamitin masallaci ya rubuta lambobin mutum uku masu mota da suka yarda a tashe su ko wane lokaci, da ta direban motar 'yan agaji, da ta ma'aikaciyar jinya da ke layin, aka liƙa a jikin allon sanarwa kusa da jadawalin lokutan salla. Suna da ɗan asusu na kuɗin mai, da wani tsohon gadon ɗaukar mara lafiya a jingine a bayan tabarmi. Babu wanda ya ba su kwangila. Mai unguwa ya san da su, 'yan sintiri ma sun san motocin, don haka ba a tsayar da su da dare.

A gida kuwa, duk mai hawan jini ko suga a rubuta sunayen magungunansa a takarda a ajiye inda kowa ya sani, tare da katin asibiti.

Yau kwanansa uku a kwance a gida. Akwai sauran amfanin kai shi?

Akwai. Lokacin allura ya wuce, amma har yanzu ba a san wane iri ba ne, ba a san ko yana haɗiya lafiya ba, ba a kuma toshe hanyar dawowar ciwon karo na biyu ba. A wannan matakin babu buƙatar gudu a titi, don haka ana iya tsayawa a nemi motar asibiti mai gado a yi ciniki, musamman idan mai jiki ne ko ba ya iya zama. A tambayi kuɗin tun kafin ta taso, a kuma tambaya ko da mai a ciki. A tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, da wanda zai kwana da shi, da ledar magunguna, har da na gargajiyan da aka ba shi a kwana ukun nan. Kada a ɓoye wa likita su, ba zai yi faɗa ba, so yake ya san abin da ke cikin jikin kafin ya ƙara wani.